Rigar Aikin da Ba Ta Taɓa Shiga Rami Ba

Sabulu ake ce masa a unguwa, har yaran da aka haifa jiya ba su san yana da wani suna ba. Sunan tsokana ne tun asali, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Sana'arsa yasar masai. Shi ne mutumin da ake kira idan bayan gida ya cika ya fara tumbatsa, ranar da mai gida ke tsayawa can nesa da hankici a hanci yana nuna ramin da ɗan yatsa, sai ka ce wasu baƙi ne suka zo suka cika masa shi. Da wata tsohuwar motar tanki suke aiki, shi da direbanta. Tiyo ya zuƙe ruwa-ruwan, abin da ya daskare a ƙasa kuwa dole mutum ya sauka da shebur da bokiti. Mai saukar Sabulu ne, tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye kansa.

Wanda bai san shi ba zai ce ai irin wannan sai a ba shi hanya. To, da za a jera mazan layin nan kaf a duba farce da bayan kunne, shi zai zo na ɗaya. Kayan aikinsa ba su taɓa shigowa unguwa ba, a akwatin mota suke kwana. Da an tashi aiki direba zai sauke shi a gidan wankan da ke bayan tasha, inda aka ware masa ɗakin ƙarshe da bokitansa na kansa. Zai fara da toka da garin sabulu, ya bi da sabulun magani, ya rufe da mai ƙamshi, yana dirzar jiki da soso kamar yana da gaba da fatarsa. Farcensa kullum a yanke yake har nama, duk da haka sai ya bi shi da buroshi. Sannan ya sa fararen kaya masu karin guga, ya shafa turare, ya fito. Mai gidan wankan kan ce da a ce kowa irin Sabulu ne da tuni rijiyarsa ta ƙafe.

Ba don kansa kaɗai yake shan wannan wahala ba. Maiɗakinsa abinci take sayarwa a bakin layi, a wata rumfar kwano da ke jingine da bangon gidansu: shinkafa, wake, miya, wani lokacin taliya. Sa'ad da za ta fara, 'yan uwanta sun ce ta nemi wata sana'ar, wa zai ci abincin matar mai yasar masai? Ta yi kunnen uwar shegu da su. Shi kuma ya ƙudurta a ransa cewa ba zai taɓa zama sanadin da wani zai ture kwanonta ba. Ko ludayinta ba ya taɓawa, doka ce ya kafa wa kansa ba wanda ya sa shi. A hankali mutane suka gani da idonsu. Telan layin ne ya fara zuwa, makanikai suka biyo baya, malaman makarantar unguwa suka riƙa aiko da kula. Da la'asar Sabulu zai iso fes da shi, ya zauna a bencin tsakiya, a zuba masa, ya ci kafaɗa da kafaɗa da kowa ana hira ana tsokanarsa. Tela ma cokali yake kaiwa farantinsa ya ɗauke nama, ya ce na mai ƙamshi ya fi daɗi. Wannan zama a bencin tsakiya shi ne abin da Sabulu ya tara a duniya, kuma ya san shi da rumfar abu ɗaya ne: ranar da aka ji ƙyamarsa, ranar za a fara gudun tukunyar matarsa.

Garin yana da wani biki da ake yi duk shekara, na fina-finan da ba wasan kwaikwayo ba, irin waɗanda ake bin mutane da kyamara a ɗauki rayuwarsu yadda take, ko dai yadda aka ce take. Daga ƙasashe ake zuwa. Otal-otal su cika da mutane masu kati rataye a wuya, su shiga zaure mai sanyi su kalli yunwar wasu da ambaliyar wasu da makokin wasu, su share hawaye, su tafa, su fito a miƙa musu 'yan ciye-ciye a tsinke. Ko ina tausayin yake zuwa bayan an kunna fitila, Allah masani. Sabulu dai ta ƙarƙashin ƙasa ya san bikin, domin duk shekara in an watse sai an kira motarsu babban otal ɗin.

A irin wannan kiran ne wani daraktan fim ya gan shi. Saurayi ne ɗan garin, ya yi karatu a waje ya dawo da gashi ɗaure a ƙeya da jaka a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon Sabulu yana fitowa daga rami, idonsa na ƙyalli kamar mahauci ya ga sa mai ƙiba. Ya rusuna ya gaishe shi, ya kira shi Baba. Ya ce irinsu su ne ginshiƙin gari amma ba wanda ya san darajarsu, ya ce shi zai sa duniya ta sani. Tunda aka haifi Sabulu ba wanda ya taɓa ce masa ginshiƙi. Ya ce zai yi shawara, amma tun kafin ya kai gidan wanka zuciyarsa ta riga ta amsa.

Watanni suka yi suna binsa, darakta da mai kyamararsa. Sun ɗauki rami, sun ɗauki mota, sun ɗauki guga, sun ɗauki hirar benci. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne da suka ce za su ɗauki wankan. Ya yi dariya ya ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya bar su suka ɗauke shi daga kai zuwa ƙugu, yana bayyana musu aikin kowane sabulu kamar malami a aji. A rumfar suke cin abinci kullum, maiɗakinsa tana ƙara musu nama tana ce musu 'ya'yana.

Wata ranar hutu darakta ya zo da sabuwar rigar aiki a leda, ya ce kyauta ce. Sai kuma ya roƙi Baba ya saka ta a nan bakin rumfa, wai in yana cikin fararen kaya mai kallo ba zai gane shi ne mutumin ramin ba. Sabulu ya ce kayan aiki ba sa shigowa layin nan. Darakta ya ce ai wannan ba ta taɓa zuwa aiki ba, Baba, daga kanti take. Gaskiya ne kuwa, sai ya saka. Mai kyamara ya leƙa ya ce rigar tana ƙyalli da yawa a rana. Ya ɗebi jar ƙasa a gefen bango, ya kwaɓa da ruwan randa, ya shafa masa a ƙirji da hannuwan riga. Daga nan aka ce ya ɗan taya Mama aiki, ya buɗe tukunya ya zuba shinkafa a faranti, don a nuna irin zaman lafiyar da ke tsakaninsu.

Sabulu ya tuna da dokarsa. Ya dubi maiɗakinsa, ita kuwa dariya take, ta ce yau dai za ta ci gumin mijinta a rumfa. Tela yana zaune yana ƙyaƙyatawa, yana cewa a zuba masa shi ma na hannun ɗan fim. Ta yaya za ka ce a'a ga yaron da ke kiranka Baba, ya kawo maka kyauta, ya ci abincin gidanka wata da watanni? Kunya ta ci shi. Ya ɗaga murfi, ya kama ludayin da bai taɓa kamawa ba, ya zuba. Aka sa ya maimaita, ya maimaita. Da aka gama ya tuɓe rigar ya aika wa direba, aka ci gaba da hira.

Bayan haka shiru. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, sai labari yake ji daga bakin direba cewa fim ɗin yana yawo a ƙasashe, har an ba darakta lambar yabo. Sai ga gayyata: a bikin bana da fim ɗinsa za a buɗe, a babban zauren otal. Ba nan kaɗai ba, wai bikin ya fito da sabon tsari na kai fim ga masu shi, don haka ranar Asabar za a haska shi kyauta a zauren makarantar unguwarsu. Maiɗakinsa ta ce ita ba za ta bar tukwane ba, sai dai ta Asabar ɗin. Ya sa fararen kayansa mafi kyau, suka tafi da direba.

Tun a ƙofa wata budurwa mai kati a wuya ta tare shi da fara'a, ta tambaya ko ya zo da kayan aikinsa, domin darakta zai so ya hau dandamali a cikinsu. Ya dube ta ya ce bai zo da su ba. Ta ce ayya, kamar ya manta wani abu mai muhimmanci, ta kai su layin gaba.

Aka kashe fitila. Abin da ya fara fitowa a allon nan mai faɗin bango bakin rami ne, an matso da shi kusa har kana ganin tsutsotsi suna motsi. Sabulu ya shekara da shekaru yana tsayawa cikin abin nan, amma bai taɓa zama ya zuba masa ido ba, mai aiki ai ba ya kallo. Masu fim kuwa sun zauna a kansa, ƙuda ɗaya sai a bi shi da kyamara har ya tashi, ga wani kiɗa a ƙasa mai kama da kukan makoki. Ya ga kansa yana sauka, ya ga kansa yana miƙo bokiti, ya ga an tsaya a fuskarsa lokacin da yake haki. Ya ce a ransa ba komai, aikin ke nan, yanzu za a zo wurin wankan. Aka koma wani ramin. Aka koma wani. Babu gidan wanka, babu guga, babu fararen kaya, babu bencin tsakiya, kamar duk mafarkinsu ya yi.

Can sai ga shi yana fitowa daga wani rami mai zurfi, ƙazanta har gwiwar hannu, yana yarfe ta. Ƙiftawa da bismillah, sai ga shi a rumfa cikin rigar aiki mai dabbare-dabbare, ya ɗaga murfin tukunya, tururi ya tashi, ya kama ludayi yana zuba shinkafa, maiɗakinsa na gefe tana dariya. Ba a ce komai ba, ba a kuma bukatar a ce. Duk mai ido ya ga mutum ya fito daga masai ya wuce kai tsaye cikin abincin mutane. Zauren ya ɗauki wani irin gurnani, matar da ke bayansa ta toshe baki, direba ya yi salati a hankali. Sabulu, wanda rami bai taɓa sa shi kau da kai ba, ya kau da kansa daga allon.

Da aka kunna fitila mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wasu da hawaye shaɓe-shaɓe. Aka ja shi dandamali. Ta bakin tafinta aka tambaye shi yadda yake ji, aka tambaye shi ko yana da wani buri a rayuwa. Ya ce wurin tukunyar nan ba haka aka yi ba. Tafinta ya faɗi wani abu gajere da yaren baƙin, aka sake tafawa. A wurin ciye-ciye suka yi layi suna ɗaukar hoto da shi, kowa ya dafa kafaɗarsa ya yi fuskar tausayi. Wata da ta fi kowa kuka ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta daɗe tana magana, tana juya baya ya ga ta ciro 'yar kwalba a jaka tana matsa maganin wanke hannu, tana murzawa har tsakanin yatsu. Tir da wannan irin tausayi.

Da ƙyar ya samu darakta shi kaɗai a bakin matakala.

“Ɗana, ina wankan?”

Darakta ya kama hannunsa ya ce wankan ya yi kyau ƙwarai, shi ma ya so shi, amma yana sanyaya fim. Wai bai kamata a bar mai kallo ya samu wurin hutawa ba, in ya ga Baba fes cikin fararen kaya zai koma gida da kwanciyar hankali, ya ce ashe ba su da matsala.

“To na ji. Bar wankan. Amma wurin tukunyar nan ka cire shi kafin Asabar. Kai ka kawo rigar, yaronka ya shafa mata ƙasa. Mutanen da za su kalla ranar Asabar su ne masu cin abincin Mama.”

“Baba, wurin nan shi ne zuciyar fim ɗin. A kansa aka ba mu kyauta.”

Ya ci gaba da bayani, da murya mai taushi kamar mai lallashin mara lafiya. Wai akwai gaskiyar abin da ya faru, akwai kuma gaskiyar da ta fi ta girma. Ko da Baba bai yi ba, akwai dubbai irinsa a duniya da ba su da ruwan wanka, don su aka yi. Kuma fim an riga an rufe shi, ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai waɗanda suka ɗauki nauyinsa a waje. In maganar Asabar ce, sai dai Baba ya ga shugabar biki. Kafin Sabulu ya buɗe baki wani mai kati ya zo ya ja darakta, wai ana jiransa a yi hira da shi.

Da ya koma gida ya zayyana wa maiɗakinsa komai, bai rage ba. Tana kankare tukunya ta saurare shi, ta gama ta yi dariya.

“Baban yara, wa za a ba labarinka a layin nan? Mutanen da suka ga fitarka da shigarka tun kafin su yi gemu? Ai tela ma yana zaune aka yi. Ka kwantar da hankalinka.”

Ya so ya yarda da ita, amma shi ya ga allon, ita ba ta gani ba. Washegari ya bar direba da aiki ya nufi ofishin bikin. Ɗaki ne a bene na otal ɗin, cike da kwalaye da matasa masu waya a kunne, ga fuskarsa a bango an buga ta ƙatuwa, da ɗigon ƙazanta a kumatu. Ya wuni a baranda ba a kira shi ba. Ya sake komawa, sannan aka shigar da shi.

Shugabar dattijuwa ce mai tabarau da sarƙa, mai magana a hankali. Ga doguwar kujera mai laushi babu kowa a kai, amma sai aka aika aka ɗauko masa ta roba daga waje. Aka kawo masa ruwa a kofin da ake sha a yar, alhali na gaban shugabar na tangaran ne. Ya lura, ya haɗiye. Ya ce ranki ya daɗe, ga abin da ya faru, ga kuma abin da zai faru in aka haska shi a unguwa. Ko a cire wurin, ko a fasa ta Asabar.

Ta saurare shi da kai a karkace, tana cewa ayya, ayya. Ta ce labarinsa ya taɓa mata zuciya. Sai dai bikinsu tunda aka kafa shi bai taɓa sa almakashi a aikin mai fasaha ba, da wannan aka san su a duniya. Fasawa kuma ba zai yiwu ba, domin manyan baƙi sun ɗage tafiyarsu musamman don su ga yadda unguwa za ta karɓi fim ɗinta. Amma ga shawara: da an gama za a ba shi lasifika ya faɗi duk abin da ke ransa. Ta ce ai don a ji muryar irinsu ake yin bikin gaba ɗaya. Ta miƙe, alamar an gama, ta ɗora hannu a ƙirji maimakon ta miƙa masa.

Ranar Asabar da rana zauren makaranta ya cika maƙil, yara har kan tagogi, an rufe su da barguna don a samu duhu. Kyauta ce, kuma ɗan unguwa ne a fim, wa zai zauna a gida? Baƙi suna gaba a kujerun malamai, wasunsu sun juya kyamarorinsu suna ɗaukar jama'a. Maiɗakinsa ta rufe rumfa da wuri, ta sha kwalliya, ta zauna cikin mata ana yi mata barka.

Da farko shewa aka yi ta yi, duk inda ya fito yara su kira sunansa. Da ramuka suka yi yawa shewar ta mutu, aka fara tsaki da toshe hanci, kamar warin yana fitowa daga allon. Sai aka zo wurin. A otal gurnani aka yi, a nan kuwa wani ne ya tofar da yawu da ƙarfi, wata mata ta ce a'a, a'a, samari suka fashe da dariya, wayoyi suka tashi sama suna ɗauka. Waɗannan ba baƙi ba ne da za su hau jirgi gobe. Sun san rumfar, sun san tukunyar, wasunsu shinkafar tana cikinsu a lokacin. Sabulu ya waiwaya ya nemi maiɗakinsa. Tana zaune ƙyam, idonta a allo, matan da ke gefenta kowace ta sami abin dubawa a ƙasa.

An cika alkawari, an ba shi lasifika. Sai dai kafin a gama cire barguna rabin mutane sun yi ƙofa, yara suna tsalle kan bencina, lasifikar tana ƙara tana yankewa. Ya ce rigar sabuwa ce, ya ce jar ƙasa ce da ruwan randa, ya ce ranar ko aiki bai je ba. Ya ce a tambayi tela. Tela ya miƙe daga inda yake ya ce haka ne, a gabansa aka yi, amma muryarsa ba ta wuce layi biyu ba. Baƙi suka tafa sosai, sun ji daɗin yadda mutumin ya yi magana da zuciya ɗaya, ko da yake ba su san me ya ce ba. Darakta ya rungume shi don a ɗauki hoto. A hanyar fita wata baƙuwa tana gaya wa shugaba cewa wannan ita ce rana mafi kyau a bikin bana.

Bikin ya watse, jirage suka kwashe masu kati. Abin da ya rage a unguwa shi ne ɗan guntun wurin nan a wayoyi, daga rami zuwa tukunya, babu jawabin Sabulu, babu shaidar tela. Guntun ya shiga layukan da ba su san Sabulu ba, ya dawo layinsu da ƙarin gishiri. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma ba su ce sai ganin gaskiya ba.

Ba wanda ya zage su, da ma an zaga da ya fi sauƙi. Kulolin malamai ne suka fara daina zuwa. Makanikai suka gano wata mai abinci a bayan gareji. Masu wucewa su gaisa da fara'a, wannan ya ce yanzu ya ci, wancan ya ce cikinsa ne ba daɗi, wani ya ce likita ya hana shi maiƙo, mutumin da jiya yake roƙon a ƙara masa mai. Kowa in ka tsare shi zai rantse ya san Sabulu, ya san ƙarya aka shirya. Amma sani a kai yake, ƙyama kuwa a maƙogwaro, mutum ya ɗebo loma sai hoton ya faɗo masa. Tela bai daina zuwa ba, sai dai ya koma ƙarshen benci, kuma cokalinsa bai sake kuskuren shiga farantin kowa ba. Sabulu ya ƙara yawan sabulu, ya dirji jikinsa har fata ta fara saɓulewa, ya zo ya zauna a bencin tsakiya shi kaɗai cikin ƙamshi. Maiɗakinsa ta rage tukunya, ta sake ragewa, duk da haka sai an kwana da saura. Ta daina dariya, ta daina cewa wa za a ba labarinsa.

Wata rana mota ta lalace musu a bayan gari, bai samu dawowa ba sai bayan magariba. Ya tarar tana wanke tukwane, duka a kife, ko ƙanzo babu. Ya yi murna ya ce kasuwa ta dawo ke nan. Ta ce uhm, ba ta ɗago ba. Washegari ya dawo a kan lokaci ya zauna, aka kwana da rabin tukunya. Shi ba yaro ba ne, ya fahimta, ita ma ta san ya fahimta, amma suka kwana biyu ba wanda ya ce uffan.

Ita ta gaji ta fara. Da safe ne, yana ɗaure takalmi zai fita, ta tsaya a bakin ƙofa da murfin tukunya a hannu.

“Baban yara, in ka dawo yau ka bi ta ƙofar baya. Zan ajiye maka naka a ɗaki.”

Ya ci gaba da ɗaure takalminsa.

“Wallahi ba don ni ba. Ka san ni. Sai dai in ba su gan ka ba suna mantawa, su zauna su ci. Na ɗan lokaci ne.”

Ya ce ya ji, ai ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Ta ce ya yafe mata, ya ce me ta yi masa. Ta juya da sauri ta shiga rumfa, ya ji tana jan hanci tana kiciniyar hura wuta.

Ranar ya yi aikinsa, ya yi wankansa bai rage komai ba, ya sa fararen kaya, ya shafa turare. Da ya iso bakin layi sai ya kauce ya bi ta lungun da ake zubar da ruwan wanke-wanke, yana ɗage ƙafar wando, ya tura ƙofar baya. Kula tana kan tabarma a rufe, ta sa masa nama fiye da kullum. Bango ɗaya ne tsakaninsa da rumfar. Ya zauna yana jin ƙarar cokula a faranti, yana jin makanikai suna gardama, yana jin wani yana cewa a ƙaro miya. Can ya ji muryar tela ya saki wata tsokana, benci gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Rabon da rumfar ta cika haka tun kafin Asabar ɗin nan. Dabararta ta yi aiki, ya kuma san abin da ya yi aiki ba a canza shi. Ya jawo kular, ya buɗe, ya ci abincinsa a hankali don kada a ji motsinsa ta bango.